Darasi: Tsarin Wutar Lantarki da Dokokin Sana'a a Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa

Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa uku ne daga cikin ƙananan hukumomi 34 na Jihar Katsina. Suna shiyyar Funtuwa, kuma ɗan majalisa ɗaya ne ke wakiltarsu a Majalisar Wakilai ta Tarayya. Ƙanƙara da Faskari sun yi iyaka da Jihar Zamfara, Sabuwa kuwa ta jingina da ƙasar Birnin Gwari ta Jihar Kaduna. Ƙasar noma ce, ana samun masara da dawa da auduga da waken suya, da shinkafa a fadamu, kuma Ƙanƙara ta yi suna da farar ƙasa wadda masana'antun fenti da na tangaran ke nema. Amfanin gona ba ya zama kuɗi mai kauri sai an sarrafa shi, sarrafawa kuwa sai da inji. Mai injin niƙa da mai casar shinkafa da mai walda da mai cajin waya da mai sayar da ruwan sanyi, duk cinikinsu ya rataya a kan abu biyu da gwamnati ke da hannu a ciki: makamashin da zai tayar da injin, da dokar da ta ba su izinin buɗe shago.

Hanyar da wuta ke biyowa

Mafi yawan wutar Nijeriya daga iskar gas ake samar da ita, a tashoshin da ke kudancin ƙasar. Saura kuma daga madatsun ruwa ne, irin su Kainji da aka buɗe a 1968, da Jebba, da Shiroro, da Zungeru. Injinan da aka kafa a ƙasar za su iya ba da megawat wajen 13,000 in da duk suna aiki, amma abin da ke isa ga jama'a yakan tsaya tsakanin 4,000 da 5,000, saboda ƙarancin gas da lalacewar injina da gazawar manyan layuka.

Daga tashar samarwa wuta takan hau manyan layuka masu ƙarfin kilobolt 330, a rage ta zuwa 132, sannan zuwa 33 da 11, har taransifomar unguwa ta sauko da ita daidai ƙarfin da gida ko shago zai iya ɗauka. A shiyyar kudancin Katsina, babbar tashar rage ƙarfin wuta tana Funtuwa, a kan layin 132 da ya taso daga Kaduna ya biyo ta Zariya ya nufi Gusau. Daga irin wannan tasha ne layukan 33 ke fita su ratsa daji da gonaki zuwa garuruwa. Lamarin ya yi kama da rabon ruwa a filin noman rani: gonar da ke bakin kwata ita ke fara sha, ta ƙarshe kuwa sai abin da ya rage. Gwargwadon tsawon layi, gwargwadon raunin wutar da za ta isa ƙarshensa, kuma falwaya ɗaya ce za ta faɗi a tsakiyar daji duk garuruwan da ke bayanta su shiga duhu. Yawancin ƙauyukan waɗannan ƙananan hukumomi uku a ƙarshen layi suke, wasu ma layin bai taɓa isa gare su ba.

A watan Oktoba na 2024 an ga yadda dogaro da 'yan manyan layuka ke da haɗari. An lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, layin da ke kawo wuta ta Jihar Binuwai shi ma ya samu matsala, sai jihohin Arewa da dama suka shafe fiye da mako guda babu wuta.

Wa ke riƙe da me

Har yanzu mutane NEPA suke cewa, ko da yake hukumar ta daɗe da shuɗewa. An kafa ta a 1972, ita kaɗai ke samar da wuta, ta ɗauko ta, ta rarraba, ta karɓi kuɗi. Dokar gyaran harkar lantarki ta 2005 ce ta rusa wannan tsari. Ta mayar da NEPA ta zama PHCN, aka tsaga ta gida 18: kamfanonin samar da wuta shida, kamfanin manyan layuka ɗaya, da kamfanonin rarrabawa 11. Ranar 1 ga Nuwamba 2013 aka miƙa mafi yawan na samarwa da na rarrabawa ga 'yan kasuwa, gwamnatin tarayya ta riƙe kamfanin manyan layuka, wato TCN. Kamfanin da ke rarraba wuta a Kano da Katsina da Jigawa shi ne KEDCO, kuma a tsarin rabon da aka daɗe ana bi, kashi 8 cikin 100 na wutar ƙasa ne kasonsa. Idan ƙasa ta samar da megawat 4,500, abin da zai faɗo wa jihohin uku bai wuce 360 ba, kuma a cikinsa ne masana'antun Kano ke ɗibar nasu.

Dokar ta 2005 ta kuma kafa hukumomi biyu da ya kamata kowane mai sana'a ya san sunansu. NERC ita ce alƙaliyar harkar: tana ba da lasisi, tana yanke farashi, tana sauraron ƙara. REA kuwa aikinta kai wuta karkara. A 2015 aka ƙara da NEMSA, mai duba ingancin mita da wayoyi da taransifoma kafin a jona su. A matakin jiha akwai hukumar samar da wuta a karkara ta Jihar Katsina, wadda ke kafa falwayoyi da taransifoma da kuɗin jiha. Sanin wannan rabon aiki yana rage wahala, domin sau da yawa jama'a kan kai kukansu ofishin da ba shi da ikon share musu hawaye.

Yadda ake tsara aikin wuta

Tsari na gari daga ƙidaya yake farawa. Kafin a ja layi zuwa wani gari, ana buƙatar sanin gidaje nawa ne, injina nawa ne, wane ƙarfi kowane inji ke ja, da kuma yadda garin zai faɗaɗa nan da shekara goma. Daga nan ake sanin girman taransifomar da ta dace da kaurin wayar da za a sa. Inda aka tsallake wannan mataki, aka kawo taransifoma don cika alkawarin siyasa kawai, abu biyu ke faruwa: ko dai ta yi wa garin kaɗan ta ƙone cikin 'yan watanni, ko kuma a girke ta a kan dakali ta shekara ba a jona ta ba, domin layin da zai ba ta wuta ba ya cikin kasafin kowa. Wannan kuskure ne da ake ta maimaitawa, kuma talakan da ya sayi inji da bashi saboda ya ga an kafa falwaya shi ke biyan kuɗinsa.

Mataki na biyu shi ne fili. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta danƙa filaye a hannun gwamna, ta kuma ba ƙaramar hukuma ikon ba da izinin amfani da filayen karkara. Idan layi zai ratsa gonar mutum, yana da haƙƙin diyyar amfanin gona da bishiyoyi da ginin da aikin ya shafa. Bayan an ja layi kuma akwai tazarar da aka hana gini a cikinta: faɗin mita 11 a ƙarƙashin layin 11 da na 33, mita 30 a na 132, mita 50 a na 330. Mai shagon da ya kafa rumfar kwano a ƙarƙashin waya ya jefa ransa da na masu sayayya cikin haɗari, kuma in aka zo rushewa ba shi da bakin magana.

Mataki na uku, wanda aka fi mantawa da shi, shi ne wanda zai kula da aikin bayan an yanke ƙyalle an watse. Tun kafin a kai ga wannan mataki ma aiki na iya tsayawa, kuma Jihar Katsina tana da misalai biyu da suka isa darasi. Tashar samar da wuta da iska ta Lambar Rimi, mai megawat 10 da fankoki 37, tunaninta ya faro tun zamanin da Umaru Musa 'Yar'aduwa ke gwamna, daga baya gwamnatin tarayya ta karɓe ta, aka ba wani kamfanin Faransa kwangila. A watan Disamba na 2012 'yan bindiga suka sace injiniyan kamfanin a Rimi, aiki ya tsaya, aka kwashe shekaru ana fama da shi. Misali na biyu na hasken rana ne. A 2016 gwamnatin tarayya ta sa hannu da kamfanoni 14 don gina manyan tashoshin sola, har da waɗanda aka tsara kafawa a Kankiya, amma saɓani kan farashi da lamunin biyan kuɗi ya hana su tashi. A misalin farko tsaro ne ya kawo cikas, a na biyu kuma yarjejeniyar kuɗi ce ba ta ƙullu ba.

Maganar tsaro ta fi nauyi a wannan yanki. Duniya ta ji sunan Ƙanƙara a watan Disamba na 2020, lokacin da aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta garin. Inda ma'aikaci ke tsoron shiga daji, layin da ya tsinke yakan daɗe a ƙasa, ɓarayin waya da na man taransifoma kuma su samu sarari. Saboda haka duk tsarin wutar da aka zana wa Faskari ko Sabuwa ba tare da an yi lissafin wanda zai tsare kayan da wanda zai iya zuwa gyara ba, a takarda zai ƙare.

Dokar 2023 da ƙananan tashoshin sola

A watan Maris na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan gyaran tsarin mulki da ya ba jihohi ikon samar da wuta da rarraba ta ko da a wuraren da layin ƙasa ya kai. A watan Yuni na shekarar Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu kan sabuwar dokar lantarki da ta maye gurbin ta 2005. Yanzu jihar da ta yi dokarta, ta kafa hukumar sa ido tata, ta sanar da NERC, za a miƙa mata ragamar kasuwar wutar cikin gidanta. Inugu da Ekiti da Ondo ne suka fara karɓa a 2024. Amfanin wannan ga ƙauye irin Damari ko Yankara ko 'Yargoje shi ne wanda zai yanke shawara a kansu ya matso kusa, ana iya zuwa a same shi a Katsina maimakon Abuja. Amma iko ba ya zuwa da kuɗi a aljihunsa. Jihar da ta karɓi ragama dole ta nemo ƙwararru, ta jawo masu zuba jari, ta kuma yanke farashin da jama'a za su iya biya ba tare da kamfani ya karye ba.

Ga garuruwan da ke nesa da layi, hanya mafi sauri ita ce ƙaramar tashar sola mai batura, wadda ke ba gari ɗaya ko kasuwa ɗaya wuta ta kansu. NERC ta fitar da ƙa'idojinta a 2016, ta sabunta su a 2023. A ƙa'idojin na 2023, tashar da ba ta wuce kilowat 100 ba rajista ta ishe ta, wadda ta haura haka har zuwa megawat 1 sai da takardar izini. Kamfani ba ya kafa ta sai ya ƙulla yarjejeniya a rubuce da mutanen garin, inda za a bayyana fili da farashi da awannin da za a riƙa ba da wuta. Idan kuma layin ƙasa ya iso daga baya, ƙa'idar ta tanadi yadda za a biya mai izini diyya ko a haɗa tasharsa da layin, don kada tsoron asara ya hana masu jari zuwa karkara. A watan Disamba na 2023 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 750 don irin waɗannan ayyuka a Nijeriya ta hannun REA, da burin isa ga mutum miliyan 17.5.

Abin da ke jawo irin wannan kamfani zuwa gari ba yawan ƙwan fitila ba ne. Fitila da cajin waya da daddare ake buƙatarsu, kuɗinsu kuma kaɗan ne. Masu injina ne ke shan wuta da rana, lokacin da sola ta fi ƙarfi, kuma su ne ke biyan kuɗin da zai riƙe tashar. Garin da masu niƙa da masu casa da masu walda suka haɗa kansu, suka rubuta yawan injinansu da litar man da suke ƙonawa kowace rana, ya fi garin da ya aika da takardar roƙo kawai damar samun tasha.

Kuɗin wuta da haƙƙin mai biya

Tun 2020 aka raba masu amfani da wutar layi rukuni biyar bisa awannin da aka yi musu alkawari a rana: rukunin A awa 20, B awa 16, C awa 12, D awa 8, E awa 4. A watan Afrilu na 2024 aka ɗaga farashin rukunin A zuwa naira 225 kan kowane yunit, daga baya aka ɗan rage. Illar wannan tsari ga karkara a fili take: kamfani zai fi son tura wuta inda ake biyan farashi mai tsada kuma ake da mita, layin ƙauye ya zama na farko da za a kashe idan wuta ta yi ƙaranci. Gyara wannan aikin hukumar sa ido ne, ba abin da za a bar wa kasuwa ba ne.

Ƙa'idojin NERC sun ba mai biyan kuɗin wuta haƙƙoƙin da mutane da yawa ba su sani ba. Wanda ba shi da mita ba a yi masa bil na kintace yadda aka ga dama, domin tun watan Fabrairu na 2020 aka sa iyakar da ba za a wuce ba. Ba a yanke wa mutum wuta sai an ba shi sanarwa a rubuce. Sayen taransifoma da falwaya da waya nauyin kamfanin rarrabawa ne. Idan jama'a suka ga ba za su iya jira ba suka yi karo-karo, sai su fara yin yarjejeniya a rubuce da kamfanin kan yadda za a mayar musu da kuɗinsu, kafin su sayi komai. Mai ƙorafi zai fara kai shi ofishin kamfani a rubuce, ya riƙe kwafi. In an yi kwanakin aiki 15 ba a warware ba, sai ya wuce zauren sauraron ƙorafi na NERC, daga nan kuma sai hukumar kanta. Shi ma mai amfani da wuta akwai nasa nauyin: jona waya ta bayan mita sata ce, dokar 2023 ta tanadi tara da ɗauri a kanta, kuma ita ce ke sa kamfani ya juya wa unguwa baya har masu biya da gaskiya su sha wahala.

Fetur, da dokar 2021

Inda wutar layi ba ta da tabbas, janareto ne uban tafiya, don haka farashin fetur da dizal shi ne ainihin farashin makamashi a ƙauye. Da aka janye tallafin fetur ranar 29 ga Mayu 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haura 1,000. Kuɗin niƙan kwano ɗaya da na ban ruwan gona suka bi ta. Gidajen mai suna ƙarƙashin hukumar NMDPRA da dokar man fetur ta 2021 ta kafa, ita ke ba su lasisi, ita kuma ake kai wa ƙarar gidan man da ke tauye lita.

Wannan yanki ya ga yadda doka ɗaya ke iya taɓa makamashi da kasuwa a lokaci guda. A ƙarshen watan Agusta na 2021 Gwamna Aminu Bello Masari ya sa hannu kan dokar daƙile matsalar tsaro. Ta hana sayar da fetur a jarka, ta taƙaita sayar da shi ga gidajen mai biyu a kowace ƙaramar hukumar da abin ya shafa, ba fiye da na naira 5,000 ga mota ba. Ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin ƙananan hukumomi da dama, ciki har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, ta kuma rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme ga motocin haya. A watan Satumba aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13, aka kuma hana sana'ar cajin waya a wurare da yawa. Manufar ita ce a toshe wa 'yan bindiga hanyar samun mai da abinci da labari, kuma babu mai musun cewa ran mutum ya fi ciniki. Sai dai jarkar da ɗan bindiga ke sayen mai da ita, irinta ce mai injin niƙa da manomin rani ke ɗauka zuwa gidan mai, tun da ba a tuƙa janareto zuwa bakin famfo. Doka irin wannan tana buƙatar wa'adi bayyananne, da hanyar da mai sana'ar da hakimi ko ƙungiyarsa ta shaida zai samu man aikinsa. In babu wannan, 'yan bumburutu ne ke cin riba, mai gaskiya kuma ya rufe shago.

Takardun sana'a

Hukumomi uku ne mai ƙaramar sana'a ya fi cin karo da su. Ƙaramar hukuma ce tsarin mulki ya ba kula da kasuwanni da tashoshin mota da shaguna, ita ke karɓar kuɗin rumfa da na shago. Jiha na karɓar kuɗin rajistar wurin kasuwanci da harajin kuɗin shiga na ɗaiɗaikun mutane. Tarayya kuma, ta hannun hukumar CAC, ita ke yi wa sunan kasuwanci da kamfani rajista. Dokar kamfanoni ta 2020 ta sauƙaƙa abin, har mutum ɗaya na iya kafa ƙaramin kamfani shi kaɗai. Wasu sana'o'in suna da ƙarin sharaɗi: mai ruwan leda da mai gidan burodi sai da lambar NAFDAC, farantan sola da baturan da ake shigowa da su kuma hukumar SON ce ke duba ingancinsu. Duk kuɗin da aka biya wa hukuma a karɓi rasit, domin shi ne kariya daga masu karɓar haraji sau biyu.

Mutane da yawa na gudun rajista don tsoron haraji, amma rashinta ya fi tsada. Banki ba ya buɗe asusun kasuwanci sai da ita, shirye-shiryen tallafi na SMEDAN da na hukumar KASEDA da gwamnatin Dikko Umaru Raɗɗa ta kafa suna neman shaidar sana'a, kamfanin sola ma da ƙungiya mai rajista yake son sa hannu, ba da taron da ba shi da suna ba. Ƙungiyar gama-kai a matakin jiha ake yi mata rajista, kuma ita ce hanya mafi sauƙi ga masu injina goma ko ashirin su zama murya ɗaya.

Ana son kowane ɗalibi, kafin darasi na gaba, ya zagaya unguwarsu ko ƙauyensu ya rubuta injinan sana'a da ke aiki, da irin makamashin da kowanne ke amfani da shi, da kuɗin da mai shi ke kashewa a mako. A haɗa waɗannan bayanai a aji, a mayar da su takarda ɗaya da za a miƙa wa kansila da shugaban ƙaramar hukuma da ɗan majalisar mazaɓa.